An bar jaki ana dukan taiki: sharhi kan littafin David Stockman

Ina neman afuwar masu jiran sharhin littafin soyayya ko na waƙa, domin wanda na ɗauko yau cike yake da lissafin kasafin kuɗi. Sunansa The Triumph of Politics, ma'ana siyasa ta yi rinjaye, ya fito a 1986. Marubucinsa, David Stockman, shi ne ya riƙe ofishin tsara kasafin kuɗi na fadar shugaban Amurka daga 1981 zuwa 1985, zamanin Ronald Reagan. Ya rubuta shi ne don ya bayyana yadda gwamnatin da ta zo da alkawarin tsuke bakin aljihu ta koma tana cin bashin da Amurka ba ta taɓa cin irinsa ba a lokacin zaman lafiya. Duk da yawan alƙaluman, ni dai kamar ƙagaggen labari na karanta shi. Akwai saurayi mai kaifin ƙwaƙwalwa da ke ganin ya fi kowa, akwai dattijon sarki mai kirki wanda ba ya son a kawo masa labarin ɓacin rai, ga kuma fadawa kowa yana jan rigar ta ɓangarensa.

Bari in daidaita ma'auni tun yanzu. Duk inda na ce dala, ta Amurka nake nufi, ba dalarmu ta kasuwa mai sefa biyar ba. Biliyan shi ne abin da muke kira miliyar a nan Nijar, tiriliyan ɗaya kuwa biliyan dubu ke nan.

Masu ra'ayin riƙau na Amurka, waɗanda akasarinsu ke jam'iyyar Republican, sun daɗe da ƙorafi guda: gwamnatin tarayya ta yi ƙiba, tana karɓe gumin mai aiki tana facaka da shi, tana kuma cin bashi da sunan jikokin da ba a haifa ba. Ƙorafin yana da tushe. Duk magidancin da ya taɓa cin bashin hatsi da damina ya biya ninki da kaka ya san abin da suke tsoro. Da wannan magana Reagan ya ci zaɓen 1980. A jawabinsa gaban majalisa cikin Fabrairun 1981, ya kwatanta wa Amurkawa tiriliyan ɗaya, adadin da bashin ƙasar ya doshi kaiwa a lokacin, da tarin takardun dala dubu-dubu da za a ɗora su kai tsawon mil 67. Alkawari uku ya ɗaure wuri guda: zai rage haraji sosai, zai ƙara wa soja kuɗi sosai, zai kuma rufe giɓin kasafi zuwa 1984. Stockman aka ɗora wa aikin zaunar da ukun nan a tabarma ɗaya.

Shekararsa 34 a lokacin. Ɗan manoma ne daga jihar Michigan, ya yi zamanin adawa da yaƙin Vietnam yana ɗalibi, ya shiga makarantar tauhidin Kirista ta Harvard, daga baya ya juya gaba ɗaya ya zama mai imani da kasuwa, aka zaɓe shi majalisar wakilai a 1976. Hanyar da ya shiga idon Reagan ma abin dariya ce: shi ne ya riƙa kwaikwayon abokan takararsa, John Anderson da Jimmy Carter, a atisayen muhawara kafin zaɓe. Babin da ya ba da wannan tarihi yana da amfani, don yana nuna mutum ne da ba ya iya zama sai da wata aƙida da ke bayyana masa duniya gaba ɗaya. Wadda ya shigo da ita ofis tana da kyau a baki. A ganinsa, in za a rage kashe kuɗi, sai a duba wanda hujjarsa ba ta da ƙarfi, ba wanda shi kansa ba shi da ƙarfi ba. Wato wuƙar ta bi ta kan babban kamfani da babban manomi kamar yadda za ta bi ta kan talaka.

Babukan da suka fi riƙe ni su ne na makonnin farko na 1981, inda ya ba da labarin yadda aka haɗa kasafin cikin gaggawa. Kasafin kowace ƙasa a kan zato yake tsaye: nawa arziki zai haɓaka, nawa farashi zai hau, don daga nan ake ƙiyasta harajin da zai shigo. Mashawartan Reagan ba su daidaita ba. Wasu suna son a rubuta cewa arziki zai haɓaka da gudu, don a nuna rage haraji yana aiki. Wasu sun ce hauhawar farashi ba za ta sauka da wuri ba. Sai aka sasanta ta hanyar ɗaukar babban adadi daga kowane ɓangare, abin da ya kumbura kuɗin shigar da ake sa rai a takarda. Stockman ya ce da aka tambayi shugaban mashawartan, Murray Weidenbaum, wane tsarin lissafi ne ya fitar da hasashen, sai ya buga tumbinsa da hannu. An rubuta cewa arzikin ƙasa zai ƙaru da kashi 5.2 cikin 100 a 1982. A shekarar raguwa ya yi, rashin aiki ya kai kashi 10.8. Shugaban babban banki, Paul Volcker, ya tsananta kuɗin ruwa har hauhawar farashi ta faɗo daga kashi 13.5 a 1980 zuwa wajen kashi 3 a 1983. Alheri ne ga mai cefane, amma ga baitulmali hasara ce, domin a dokar lokacin hauhawar farashi tana tura albashin mutane zuwa matakin haraji na sama ba tare da majalisa ta ɗaga hannu ba. Da ta sauka, wannan kuɗi na ɓoye ya ƙafe.

Ko da wannan hasashe mai daɗi, lissafin bai cika ba. Sai aka sa ƴar alamar tauraro a gefen shafi, aka ce akwai wasu dala biliyan 44 da za a rage nan gaba, za a faɗi inda za su fito daga baya. Shugaban masu rinjaye a majalisar dattawa, Howard Baker, shi ya laƙaba mata sunan tauraron tsafi. Ba a taɓa faɗin inda za su fito ba.

Sai batun soja, wanda a nan ne na fara gane cewa littafin yana faɗar abin da ya fi ƙarfin aƙidar marubucinsa. Stockman ya ba da labarin wani zama da yamma da sakataren tsaro Caspar Weinberger, inda aka amince a riƙa ƙara wa soja kashi 7 cikin 100 kowace shekara, ban da hauhawar farashi. Da ƴar na'urar lissafi ta aljihu aka yi aikin. Abin da bai lura ba shi ne, an ɗora ƙarin a kan kasafin 1982, wanda Carter ya riga ya ɗaga kafin ya sauka, Reagan kuma ya sake ɗagawa. Da aka buga jimilla sai ga kusan tiriliyan ɗaya da rabi cikin shekara biyar. Da ya koma neman a rage, Weinberger ya kafe. Shi wannan Weinberger ya taɓa riƙe kujerar Stockman zamanin Nixon, har an yi masa laƙabi da wuƙa saboda yankan kasafi. A zaman da aka yi gaban Reagan cikin Satumban 1981, maimakon alƙaluma sai ya fito da zanen sojoji uku: wani gajere ba bindiga, shi ne kasafin Carter, wani siriri mai tabarau riƙe da ƴar bindiga, shi ne na Stockman, da wani ƙato cikin cikakkiyar ɗamara, shi ne na ma'aikatar tsaro. Ba sai na faɗa muku wanda shugaban ya zaɓa ba. Ɗan abin da aka rage bai taka kara ya karya ba.

To wa aka yanka? Majalisa ta amince da ragin wajen dala biliyan 35 a tsakiyar 1981, aka yi shagali kamar an ci gari. Iyalai sama da dubu 400 sun fita daga tallafin masu ƙananan yara marasa galihu, da yawansu mata ne masu aiki da ƙaramin albashi. Kimanin mutum miliyan ɗaya sun rasa takardun sayen abinci da gwamnati ke bai wa matalauta. An rage kuɗin ciyar da ƴan makaranta, har ma'aikatar noma ta fito da shawarar da za ta bari a lissafa miyar tumatir ta kwalba cikin kayan lambu, sai da aka yi mata ca ta janye. A ɗaya ɓangaren, Stockman ya nemi a rage bankin gwamnati da ke ba da rance mai sauƙi ga masu sayen kayan Amurka a waje, wanda ƴan manyan kamfanoni irin su Boeing suka fi cin moriyarsa, ministocin Reagan da kansu suka taso masa. Wata tashar nukiliya ta gwaji a Clinch River, wadda shi Stockman ya yi ta suka tun yana majalisa, ta tsira a shekarar don tana jihar Tennessee, jihar Howard Baker. Sai 1983 aka kashe ta. Masu rake na kudu sun samu a dawo musu da tallafin sukari a matsayin ladan ƙuri'ar wakilansu. Ya nemi datse agajin ƙasashen waje, sakataren harkokin waje Alexander Haig ya tare mafi yawansa. Ƙa'idar da ya shigo da ita ta kife ke nan: mai hujja mara ƙarfi ya tsira in yana da wakili mai ƙarfi, wanda ba shi da kowa ya sha wuƙa.

Amma duk waɗannan ƙananan kaya ne in aka kwatanta da jakin da ke ɗauke da su. Babban kuɗin gwamnatin Amurka yana tafiya ne wajen fanshon tsofaffi na ƙasa, da kula da lafiyarsu, da soja, da biyan ruwan bashi. A watan Mayun 1981 Stockman ya gwada taɓa fanshon. Mai ajiye aiki da wuri, yana da shekara 62, yakan samu kashi 80 cikin 100 na cikakken fansho. Aka kawo shawarar a mayar da shi kashi 55, kuma a fara tun Janairun 1982. Majalisar dattawa, wadda ke hannun jam'iyyar Reagan, ta yi watsi da shawarar da ƙuri'a 96, ba ko mutum ɗaya da ya tsaya mata. A ganina a ranar nan labarin ya ƙare, sauran shafukan ta'aziyya ce. Babu ɗan adawa da ya hana masu ra'ayin riƙau wannan yanka. Su da kansu suka ƙi, domin tsofaffin da ke karɓar fanshon su ne mutanen da suka fi fitowa ranar zaɓe, kuma da yawansu Reagan suka zaɓa.

Rage haraji kuwa bai sha wahala ba. A watan Yuli jam'iyyun biyu suka shiga gwanjo, kowacce tana ƙara rangwame ga masu man fetur, masu gado da manyan kamfanoni don ta saye ƙuri'un wakilan kudu. Reagan ya sa wa dokar hannu ran 13 ga Agusta 1981. Harajin masu samu mafi yawa ya sauko daga kashi 70 zuwa 50, na sauran jama'a aka rage shi kashi-kashi cikin shekara uku. Giɓin da aka yi alkawarin rufewa ya tashi daga biliyan 79 a 1981 zuwa 208 a 1983. Lokacin da Reagan ya bar mulki a farkon 1989, bashin ya haura tiriliyan biyu da rabi.

Littafin ya buɗe ne da abin kunyar da ya sa sunan Stockman ya shiga kowane gida, kuma a matsayina na ɗan jarida wannan babi ya fi ba ni sha'awa. Tsawon watanni yana karin kumallo da wani editan jaridar Washington Post, William Greider, yana zayyana masa shakkunsa. Mujallar Atlantic ta buga hirar a fitowarta ta Disamban 1981. A ciki aka ji mai tsara kasafin yana amsa cewa su kansu ba su fahimci alƙaluman da kyau ba, kuma rage wa kowa haraji lulluɓi ne da aka yi don a samu saukar da na masu kuɗi. Stockman ya ce rashin fahimta aka samu kan abin da za a buga da sunansa. Duk wanda ya taɓa riƙe makirfo ya san irin wannan baƙo: yana son a san ya san gaskiya, ba ya son a ce shi ya faɗa. Shugaban ma'aikatan fadar, James Baker, ya umarce shi ya je gaban Reagan da kai a sunkuye. Ya je, aka yafe masa, ya ci gaba da aiki.

A nan nake da babbar matsala da shi. Bisa labarinsa, tun kafin 1981 ta ƙare ya san ginin ba zai tsaya ba. Bai tafi ba sai Agustan 1985, kuma a tsakani ya ci gaba da zuwa majalisa yana kare kasafin gwamnatinsa. Hujjarsa ita ce ya zauna ne don rage ɓarna, kuma gaskiya ne yana cikin waɗanda suka matsa aka ƙara haraji a 1982 da 1984. Na karɓi rabin wannan. Sauran rabin ya maƙale mini, domin daga ofis kai tsaye ya wuce bankin Salomon Brothers, kamfanin ɗab'i kuma ya biya shi sama da dala miliyan biyu kan littafin. Yana amsa laifi a shafuka da dama, amma in ka duba da kyau, laifin da yake amsawa kullum shi ne ya cika imani, ya cika zurfin tunani, ya ɗauka sauran ma sun kai shi. Irin tubar nan ce da ke ƙara wa mai ita kwarjini. Abokan aikinsa kuwa, Edwin Meese da Michael Deaver da Donald Regan, ya zana su a matsayin mutanen da labaran talabijin na dare kawai suka dama. Mai yiwuwa haka suke, amma mai ba da labarin da kowa wawa ne sai shi, ya kamata a riƙa sauraronsa da kunne ɗaya.

Hoton Reagan ne ya fi fitowa da rai, kuma shi ne ya fi ɓata wa magoya bayansa rai a 1986. Mutum ne mai taushin zuciya, mai tunani da labarai maimakon lissafi, wanda ya yi imani cewa giɓin zai rufe da kansa in aka kawar da ɓarna da zamba a ma'aikatu. A ƙarshen 1982 Stockman ya shirya masa wata jarrabawa: ya raba kasafin gida wajen hamsin, kowane gida da zaɓi uku, daga ɗan taɓawa zuwa datsewa sosai. Shugaban ya zauna kwanaki yana cikewa da nishaɗi. Da aka bayyana masa wanda kowane ragi zai shafa, kusan ko'ina sai ya zaɓi mai sauƙi. Da aka haɗa amsoshinsa, giɓin shekara biyar ya kama wajen biliyan 800. Stockman ya kawo labarin ne don ya nuna gazawar maigidansa. Ni abin da na gani shi ne jagoran masu ƙyamar kashe kuɗi da kansa, da aka ajiye masa kasafin layi-layi, bai ga abin da zai iya yankewa ba. Wannan shafi kaɗai ya biya ni wahalar tsakiyar littafin, inda sunayen ƴan majalisa da na kwamitoci ke cushewa har mutum ya rasa wa ke bin wa.

Kalmar siyasa a bakin Stockman kusan zagi ce. Amma me ya yi rinjaye a zahiri? Ma'aikacin masana'anta mai shekara 61, wanda ya gama shirin ajiye aiki baɗi, aka ce masa kusan sulusin abin da yake jira ya tafi, ya kira wakilinsa, wakilin ya ji tsoro. Mu da muka ɗanɗani mulkin da ba a tambayar kowa, ba za mu yi saurin kiran wannan cuta ba. In yi masa adalci, a ƙarshen littafin shi ma ya iso nan. Ya yarda cewa Amurkawa sun zaɓi gwamnatin da ke kula da tsofaffi da marasa lafiya, sun sake zaɓenta sau da yawa, saboda haka abin da ya rage shi ne a karɓi harajin da zai biya ta. Hukunci ne mai nauyi daga bakin mai ra'ayin riƙau, kuma shi ne mafi darajar abin da ke cikin littafin. Sai dai ya faɗe shi da muryar wanda aka ci amanarsa. Baƙin cikinsa na aƙidar da ta faɗi ne. Iyalan da aka cire daga tallafi ba su samu ko kusa da wannan juyayi ba.

Akwai kuma tambayar da littafin bai amsa ba, wadda masu kira a shirina sukan yi mini ta wata siga: yaya ƙasar da ake bi bashi haka ba ta durƙushe ba? Stockman ya yi hasashen masifa. Abin da ya biyo baya shi ne arziki ya farfaɗo daga 1983, Reagan ya ci jihohi 49 cikin 50 a 1984. Amurka da kuɗinta take cin bashi, kuɗin da duniya ke rububin ajiyewa, don haka ba mai zuwa ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ƙofofin wasu aka ƙwanƙwasa. Tsadar kuɗin ruwa da tashin dala na shekarun nan, waɗanda giɓin Amurka ya taimaka wajen dawwamar da su, sun faɗa kan ƙasashen da suka ci bashi da dala. Meziko ta kasa biya a Agustan 1982. Nijar, wadda ta ci bashi da zaton farashin uraniyum ba zai faɗi ba, ta nufi asusun FMI a 1983, shekarar da Ghana ta Rawlings ma ta shiga shirinsa. Najeriya ta fara nata gyaran a 1986. Ba na wanke shugabanninmu. Su suka sa hannu a takardun bashin. Amma James Baker ɗin nan da ya tura Stockman neman gafara, shi ne a 1985, yana sakataren baitulmali, ya gabatar da shirin da ya nemi ƙasashe goma sha biyar masu bashi, har da Najeriya da Kodebuwa, su gyara tattalinsu kafin a ƙara musu rance. Tsimin da dattawa 96 suka ƙi a Washington, a nan an yi shi, a albashi da guraben aiki da kuɗin ɗalibai. Ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy ta Yamai ran 9 ga Fabrairu 1990, matakan tsuke aljihu a harkar ilimi suna cikin abin da ya fito da su.

Magadan Stockman sun riƙe takaicinsa, sun yar da hukuncinsa. A 1986, shekarar da ya ce a ƙara haraji, Grover Norquist ya fara karɓar sa hannun ƴan takara kan alkawarin ba za su taɓa ƙara shi ba. George Bush babba ya ƙara a 1990 don rage giɓi, ƴan jam'iyyarsa suka juya masa baya, ya faɗi a 1992. Rarar kasafi da aka gani daga 1998 zuwa 2001 ta zo ne zamanin Clinton da majalisar Republican, bayan ƙarin haraji biyu da haɓakar arziki. Bush ƙarami ya rage haraji a 2001 da 2003, ya shiga yaƙi biyu, ya kuma ƙara wa tsofaffi tallafin magani ba tare da an ware inda kuɗin zai fito ba. Sai da aka bar ƙuri'ar majalisar wakilai a buɗe kusan awa uku da tsakar dare kafin a lallashi masu ƙi. Sakataren baitulmalinsa na farko, Paul O'Neill, ya ba da labarin cewa mataimakin shugaba Dick Cheney ya ce masa Reagan ya riga ya nuna giɓi ba ya hana komai. Wani tsohon ma'aikacin Reagan, Bruce Bartlett, ya rubuta littafin Impostor a 2006 yana zargin Bush da cin amanar aƙidar, cibiyar binciken da yake wa aiki ta sallame shi tun kafin ya fito. Ƴan Tea Party sun taso a 2009 da fushi na gaske, suka tilasta wa Obama dokar taƙaita kashe kuɗi a 2011, sannan da yawansu suka ɗaga hannu aka sake rage haraji a 2017 ba tare da ragin da zai cike gurbinsa ba. Fushin yakan yi zafi in ɗan Democrat ke fadar, ya lafa in nasu ne.

A kasafin 2024 Amurka ta kashe wajen tiriliyan 6.8, giɓin ya kai tiriliyan 1.8, sama da kashi 6 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara, wato ninki biyu na kashi 3 da ƙa'idar UEMOA ta gindaya wa ƙasashenmu. Ruwan bashi kaɗai ya kamo kuɗin soja har ya ɗan wuce shi. A nan mai ra'ayin riƙau yana da gaskiya, kuma Stockman na 1986 ya fi masu yi masa dariya hangen nesa. Fansho, lafiyar tsofaffi da ta matalauta, soja da ruwan bashi su ne kusan kashi 70 na kasafin. Agajin ƙasashen waje kuwa wajen kashi ɗaya ne.

Elon Musk ya shigo da zancen zai rage tiriliyan biyu, daga baya ya ce ɗaya, ya bar aikin a Mayun 2025 bai kusanci ko ɗaya ba. Trump ya riga ya ce ba za a taɓa fansho da lafiyar tsofaffi ba, kuɗin soja kuma ƙaruwa ya yi. Abin da aka iya rushewa cikin makonni shi ne hukumar USAID, kuma a wannan karo babu wani Haig da ya tare. An rufe ta a hukumance ran 1 ga Yuli. Ran 4 ga wata Trump ya sa hannu a dokar da ta tsawaita rage harajin 2017, ta datse tallafin lafiya da na abinci na matalauta, wadda ofishin kasafi na majalisa ya ƙiyasta za ta ƙara wa giɓi wajen tiriliyan 3.4 cikin shekara goma. Musk ya yi tir da ita. Cikin ƴan Republican ƙalilan da suka ƙi ta a ƙuri'ar ƙarshe, waɗanda suka kafa hujja da bashi su biyu ne, Thomas Massie a majalisar wakilai da Rand Paul a ta dattawa, dukansu daga jihar Kentucky.